Filin Tambaya da Amsa: Buga Salsalar Gida Daga Intanet da Yin Aiki da Ita

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan abu guda suka zo: jadawalin nasaba da ake samu a shafukan intanet, yadda za a fitar da shi a takarda, da abin da ya dace a ɗauka daga na wani. Mun taƙaita wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani ɗan baffana da ke zaune a Ingila ya shigar da sunayen zuriyar kakanmu a shafin nasaba na intanet mai suna FamilySearch. Ina so in buga a takarda saboda taron zumuncin da muke yi bayan Babbar Sallah. Na ɗauki hoton allon waya guda 12 na kai shagon kwamfuta, da aka buga sai rubutun ya fito dishi-dishi, layukan kuma suka ƙi haɗuwa. Yaya zan yi? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Laifin ba na mai shago ba ne. Hoton allo ɗigo-ɗigo ne iya girman fuskar wayarka, da zarar an ja shi ya cika takarda sai ɗigon su baje. Abin da kake bukata shi ne fayil na PDF wanda shafin da kansa ya fitar, domin rubutun cikinsa ko an faɗaɗa shi ya kai bango ba ya dushewa. Ka shiga ta kwamfuta, ka buɗe shafin mutumin da kake so jadawalin ya fara daga kansa, ka nemi wurin bugawa. FamilySearch na ba da jadawalin iyaye da kakanni mai hawa huɗu, da mai siffar mafici wanda ke kaiwa hawa bakwai, da takardar gida ɗaya, wato miji da mata da 'ya'yansu, wadda ake iya fitarwa tare da hujjojin da aka jingina mata. A tsarin shafin, wanda ya shigar da sunan mai rai shi ne ke ganinsa, don haka idan kana son rayayyu su fito, ɗan baffan naka ne zai fitar da fayil ɗin ya turo maka.

Kafin ka koma shago, ka san wane irin jadawali kake so, domin iri biyu ne kuma lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Mai haurawa sama, daga mutum ɗaya zuwa kakanninsa, ninkawa yake yi: iyaye 2, kakanni 4, sannan 8, 16, 32. Hawa biyar mutum 31 ne, hawa shida 63, hawa bakwai 127. Takardar A4 tsawonta santimita 29.7 ne, tana ɗaukar hawa biyar ba tare da matsi ba, tunda sunaye 16 na layin ƙarshe kowanne zai samu fiye da santimita ɗaya da rabi. Hawa shida sai A3. Kada girman rubutu ya gaza lamba 8, idan kuma dattawa ne za su karanta, ka kai shi 11 ko 12.

Mai gangarowa ƙasa, daga kaka ɗaya zuwa zuriyarsa, shi ne wanda taron zumunci ke so, shi ne kuma mai wuyar bugawa. A ce kakan ya bar 'ya'ya 20, kowanne ya haifi takwas: jikoki 160 ke nan. Idan kowane suna ya ci santimita 4 a faɗi, layin jikoki kaɗai ya haura mita 6, tattaɓa-kunne ma ba a zo kansu ba. Mafi girman takardar da masu buga zanen gini ke da ita a kullum, A0, santimita 84 ce da 119. Saboda haka shawararmu ita ce a raba bisa ɗakuna. Shafi na farko ya nuna kakan da matansa bisa jerin aurensu da 'ya'yan kowane ɗaki. Daga nan kowane ɗa ko 'ya ya samu shafinsa da nasa zuriyar, a sa lambar shafi a gefen sunansa a shafin farko. Wannan tsari ya fi sauƙin gyara: idan aka yi haihuwa a gida ɗaya, shafi ɗaya za a sake.

A shago, ka kula da waɗannan. Fayilolin shafukan Amurka galibi a kan ma'aunin takardarsu suke, milimita 216 da 279, wadda ta fi A4 faɗi ta kuma gaza ta tsawo. Idan ba a zaɓi a daidaita shafi da takarda ba, gefe ɗaya zai yanke, kuma sunayen kakanni na nesa ne ke zama a gefen. Ka nemi firinta mai garin tawada, wadda ake kira leza, domin tawadar ruwa na zuba da ɗan danshin damina ko gumin hannu. Wanda za a ajiye a buga shi a takarda mai nauyin giram 120 zuwa 160, ta yau da kullum mai giram 80 ta isa ga gwaji. Bana ta roba, irin wadda ake buga talla a kanta, tana da kyau a ranar taro, amma rana na cinye launinta, ba abin ajiya ba ce.

Abu mafi muhimmanci a ganinmu: kada ka fara da babban bugu. Ka fitar da kwafi biyar ko shida masu arha, ka rubuta a ƙasan kowanne "bugun gwaji", da kwanan wata, da inda aka samo bayanin. Ka kai wa gwaggo da inna da duk tsohuwar da ta yi zaman gidan, da fensir a hannunka. Su ne suka san wanda ke bin wani, da yaran da suka rasu kafin yaye, da matar da ta haihu ɗaya ta fita. Da zarar takarda ta shiga firam ta hau bango, mutane sun ɗauke ta gaskiya, kuma kuskuren da aka rataye a zaure ya fi wuyar cirewa fiye da wanda ke kan allo.

Tambaya: Ina tattara tarihin gidan mahaifina, wanda aka haifa a 1950. Na ga bishiyar nasabar wani mutum a intanet da sunan kakan mahaifina a ciki, ta haura har Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na sake ganin irinta a wurare huɗu. Tunda mutum biyar sun yarda da ita, zan iya kwafe ta gaba ɗaya? (Wata malama daga Gusau)

Amsa: Malama, kada ki kwafe. Ki duba abin kamar yadda malaman hadisi ke duba isnadi: idan mutum biyar suka ba da labari amma duk daga baki ɗaya suka ji, ruwaya ɗaya ce. Shafuka irin su Ancestry da MyHeritage suna nuna wa mai amfani da su bishiyoyin wasu da suka yi kama da tasa, da dannawa ɗaya sai reshe guda ya shigo. Ta haka kuskuren mutum ɗaya ke zama na mutum ɗari. Hanyar ganewa tana da sauƙi: ki jera biyar ɗin, ki nemi kuskuren da suka yi tarayya a kai, kamar harafin da ya faɗi a suna ɗaya, ko shekarar da ba ta yiwuwa. Idan duk suna da shi, uwarsu ɗaya. Sannan ki buɗe wurin hujjoji na kowane suna. Idan abin da aka rubuta a wurin shi ne "bishiyar wane", to babu hujja ke nan.

Na biyu, haɗuwar suna ba haɗuwar mutum ba ce, musamman a ƙasarmu. Muhammadu ɗan Abubakar a gari ɗaya da zamani ɗaya ba su ƙirguwa. Ga laƙabi da ke danne sunan yanka, ga alkunya da ke sa a san mutum da Ɗanjuma ko Maikano har ya rasu jikokinsa ba su taɓa jin sunansa na gaskiya ba. Kafin ki yarda cewa wanda ke bishiyar can shi ne naki, sai abu uku aƙalla sun dace ban da suna: unguwa ko ƙauye, sunan mata ko na 'ya'ya, da sana'a ko sarauta.

Na uku, ki yi lissafi. An haifi Shehu a 1754, ya rasu a 1817. Daga haihuwarsa zuwa ta mahaifinki shekara 196 ce. A ƙiyasin shekara 30 zuwa 40 tsakanin uba da ɗa, ana sa ran sunaye huɗu zuwa shida a tsakaninsu. Idan biyu kacal kika gani, da alama an tsallake wasu, wanda ya saba faruwa a salsalar baka, inda ake riƙe sanannu a mance da waɗanda ba su yi suna ba. Idan kuma goma kika gani, ki yi zargin an jera wa da ƙane kamar uba da ɗa. Wannan yakan faru idan aka ɗauki jerin waɗanda suka riƙe sarauta ko limanci aka mai da shi jerin haihuwa, alhali ƙane kan gaji wa. Akwai kuma gidajen da asalin labarinsu shi ne kakansu yana cikin jama'ar Shehu ko almajirinsa ne, da tafiya ta yi nisa sai almajiri ya koma jika.

Yadda za ki yi aiki da bishiyar shi ne ki ɗauke ta a matsayin jerin tambayoyi. Ki fara daga mahaifinki ki haura ƙulli ɗaya bayan ɗaya, kada ki wuce ƙulli sai kin samu abin da ya ɗaure shi. Hujjojin da ake samu a wurinmu su ne shaidar dattawa, da rubutun haihuwa da rasuwa da malamai kan yi a bangon littattafansu, da takardun rabon gado na kotun alƙali, da takardun gona da gida, da rajistar makaranta, da tsohon fasfo na aikin hajji. Rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a can, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wadda ta fi kusa da batunki. Idan dattijo ya ba ki labari, ki naɗi muryarsa da izininsa, ki rubuta ranar, da dangantakarsa da wanda ake magana a kai, da amsar wannan tambaya: gani ya yi ko ji, in ji ne daga wa?

Shekaru kuma kada ki ƙirƙira musu rana. Idan aka ce an haifi mutum zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ki rubuta tsakanin 1931 da 1938. Idan aka ce yana goye Turawa suka ci Sakkwato, ki rubuta wajen 1902 ko 1903. Ko takardar rantsuwar shekaru ta kotu ki karɓe ta da taka-tsantsan, tunda da yawa an yi su ne bayan shekaru masu yawa don neman aiki ko makaranta. A gaban kowane ƙulli ki sa ɗaya daga kalmomi uku: tabbatacce, mai rinjaye, ko an ce. Idan za ki buga, na "an ce" ki ja masa layi mai tsinke-tsinke. Babu abin kunya a jadawalin da ya tsaya a hawa biyar tabbatattu.

Tambaya: Ina da mutum sama da 400 a wani shafi na kuɗi, ina so in daina biya. Na sauke wani fayil mai ƙarewa da .ged na buɗe a wata manhaja. Hotuna babu, Ɗ da Ƙ sun koma alamar tambaya, 'ya'yan matan kakana uku kuma duk sun koma ƙarƙashin uwargida. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, fayil ɗin da ka sauke sunansa GEDCOM. Cocin Mormon na Amurka, wanda shi ne mai FamilySearch, ya ƙirƙiro tsarin a 1984 don manhajojin nasaba su riƙa musayar bayani. Rubutu ne zalla, shi ya sa hotuna ba su biyo ba. Sabon tsari na 7.0 da ya fito a 2021 yana iya ƙunshe hotuna a jaka ɗaya, amma mafi yawan shafuka har yanzu na 5.5.1 suke bayarwa. Don haka kafin kuɗinka ya ƙare, ka sauke hotunan da takardun hujja ɗaya bayan ɗaya, ka sa wa kowanne sunan mai shi da shekara da irin takardar. A shafukan kuɗi bishiyarka takan zauna bayan ka daina biya, amma hotunan takardun da ka jingina daga rumbunsu sukan rufe. Manhajar RootsMagic na iya jawo bishiya daga Ancestry har da hotunanta, ita ce kuma ɗaya daga hanyoyin ɗauko sunaye daga FamilySearch zuwa kwamfutarka.

Batun haruffa masu lanƙwasa: ka buɗe fayil ɗin da Notepad, ba da Word ba. A layukan farko za ka ga kalmar CHAR. Idan UTF-8 ne a gabanta, ka nemi suna mai ɗ ko ƙ ka gani. In yana nan daidai a cikin fayil, matsalar daga manhajar da ka buɗe da ita ce, ko dai ta karanta shi da tsohon tsari, ko salon rubutun da take nunawa ba shi da haruffanmu. Ka canza zuwa Noto Sans ko Charis SIL, duka kyauta ne kuma suna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan kuwa ANSEL ko ANSI ka gani, haruffan sun riga sun lalace tun wurin fitarwa, sai ka sake saukewa da UTF-8. Yana da kyau kowane suna mai lanƙwasa ka ƙara masa na biyu marar lanƙwasa a gurbin "wani sunan", don mai nema ya same shi.

Matan kaka kuwa, a GEDCOM kowane aure gida ne mai zaman kansa: miji ɗaya, mata ɗaya, da 'ya'yansu. Mai mata uku gida uku ke gare shi, ko da ɗaya ta fita ko ta rasu. Galibi cakuɗewar tun wurin shigarwa take: an ƙara yara ta wajen uba, manhaja ta liƙa su ga matar da ke farko. Gyaran da hannu ake yi, ka cire yaro daga gidan da ba nasa ba ka mai da shi na uwarsa. Idan ba a san sunan uwar ba, ka buɗe mata gurbi ka rubuta "matar fari" ko "ta uku" a bayanin gefe, kada ka bar yaranta a ɗakin wata. Magana ce da ta shafi gado da muharramaka.

Don ajiya a kwamfutarka muna ba da shawarar manhajar Gramps: kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, tana fitar da jadawali a PDF, kuma tana karɓar kwanan wata na Hijira kai tsaye, abin da GEDCOM 5.5.1 bai tanada ba. Idan za ka fitar da fayil daga cikinta zuwa wani wuri, ka rubuta shekarar Miladiyya a gurbin kwanan wata, ta Hijira a bayanin gefe. Lissafin gaggawa shi ne ka ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622: shekarar 1350 ta faɗo tsakanin 1931 da 1932. Wata kuma ka rubuta shi da kalma, domin 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Ka kashe saitin da ke ba yaro sunan dangin ubansa da kansa, tunda a wurinmu ɗan Musa Ibrahim Sani Musa ne, ba Sani Ibrahim ba. Mace a shigar da ita da sunan mahaifinta, ba na mijinta ba. Alhaji, Malam, Galadima da makamantansu su tafi gurbin laƙabi.

Gargaɗi ɗaya: duk fayil ɗin da wani ya turo maka, kada ka zuba shi cikin naka. Manhaja ba ta haɗe mutum biyu da kanta, sai ka wayi gari da kakanni bibbiyu. Ka buɗe masa sabuwar bishiya fanko, ka duba, ka ɗauki abin da ka tabbatar da hannu. Naka kuma ka ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a filash, da a imel ɗinka, kowanne da kwanan wata a sunansa.

Tambaya: Ƙungiyar zuriyarmu za ta buga ɗan littafi kwafi 200 don sayarwa. Mun samo sunaye da hotuna da tarihin wasu kakanni daga shafin wani ɗan'uwa na nesa. Sai mun nemi izini? (Sakataren wata ƙungiyar zumunci, Kano)

Amsa: Ku raba abin gida uku. Sunaye da shekaru da wane ya haifi wane bayanai ne, babu mai mallakarsu. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 1991 a shari'ar Feist, kan littafin lambobin tarho. Amma tarihin da ɗan'uwan ya zauna ya rubuta da kalmominsa nasa ne: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Hoto kuma shekara 50 ne daga fitar da shi ga jama'a, kuma asalin haƙƙinsa na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda ke riƙe da shi ba. Hotunan takardun da shafuka suka ɗauko daga ma'ajiyoyi suna ƙarƙashin sharuɗɗan shafin, waɗanda galibi amfanin kai suka yarda da shi ban da kasuwanci. Ku kwafi abin da takardar ta ce da hannunku, ku faɗi inda take.

Ko inda doka ba ta tilasta ba, ku rubuta wa ɗan'uwan, ku faɗi abin da za ku ɗauka da yawan kwafin, ku ajiye amsarsa, ku ambaci sunansa a littafin. Wanda ya yi shekaru yana bin dattawa ya cancanci haka, kuma sau da yawa abin da ke hannunsa ya fi abin da ya ɗora.

Tambaya: Na tura jadawalin gidanmu a zauren WhatsApp na dangi da ranakun haihuwar kowa. Yayata ta ce in goge. Ta yi gaskiya? (Wata mai karatu daga Jos)

Amsa: Ta yi gaskiya, 'yar'uwa. Cikakken suna da ranar haihuwa da sunan mahaifiya su ne abubuwan da banki ke tambaya don tantance mai asusu, ga shi kin haɗa su a takarda ɗaya da kowa zai iya turawa gaba. Sunayen yara da garin da suke ma ba abin bazawa ba ne a wannan lokaci. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sassauta wa abin da mutum ya tattara don amfanin kansa da gidansa, amma abin da ya fita bainar jama'a ya bar wannan inuwa. Ki yi fayil biyu: cikakke a wurinki, da na rabawa wanda rayayyu suna kawai za su fito da shi. Gramps da sauran manhajoji suna da zaɓin ɓoye bayanan masu rai lokacin fitarwa. Duk wanda ba ki da labarin rasuwarsa kuma bai kai shekara 110 da haihuwa ba, ki lissafa shi cikin rayayyu. Abin da ya shafi saki, ko rashin lafiya, ko wani sirrin gida da 'ya'yan mai shi ke raye, ya tsaya a fayil ɗinki.

Tambaya: Bara na buga jadawali daga wani shafi na haɗaka. Bana na duba sai na ga wani ya canza mahaifin kakana, ya sa wanda ya riƙe shi. Wanne zan bi? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Malam, shafukan haɗaka irin su FamilySearch da WikiTree da Geni bishiya ɗaya ce ta kowa, saboda haka abin da ka buga hoton ranar da ka buga ne kawai. A FamilySearch kowane mamaci yana da lamba mai haruffa da alƙaluma bakwai, da jerin canje-canjen da aka yi masa da wanda ya yi su. Daga nan za ka iya mai da bayanin baya, ka rubuta dalilinka, ka jingina hujja, ka kuma danna alamar bibiya don a sanar da kai idan an sake taɓawa. Kafin ka mayar, ka aika wa mai canjin saƙo cikin ladabi. Mai yiwuwa a gidan mariƙin ya taso yana jin ana kiran kakanka ɗan gidan.

Ba sai an goge ɗaya ba. Manhajojin suna barin yaro ya zama da iyaye kashi biyu, a rubuta wa ɗaya haihuwa, ɗaya riƙo. Layin nasaba ya bi mahaifi, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa, mariƙin kuma a ambace shi da alherinsa. Haka agola. Shayarwa ba ta da gurbi a tsarin, sai a rubuta ta a bayanin gefe na mutum biyun, kuma tana da muhimmanci saboda aure.

Yana da kyau mai ɗora sunaye a FamilySearch ya san dalilin da ya sa cocin ke wannan aiki kyauta: a aƙidarsu mabiya suna yi wa magabatansu da suka rasu baftisma a madadinsu. Ƙa'idarsu ita ce mabiyi ya gabatar da sunayen danginsa. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana iya bincike a shafin, ya bar bishiyarsa a kwamfutarsa.

Tambaya: Mun samu tsohuwar takardar salsala da ajami a gafakar kakanmu. In kai a yi mata laminatin? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Kada ka kai, Malam. Laminatin zafi ne da gam, ba ya ɓaruwa, kuma takardar na ci gaba da lalacewa a ciki. Kada ka sa mata salatif ko ƙusar takarda, kada ruwa ya taɓa ta, domin tawadar gargajiya na narkewa. A ɗauki hotonta da na'urar sikana, ɗigo 600 a kowane inci, da launi, gaba da baya har da gefuna. Idan waya ce, a shimfiɗa takardar a inuwa, a kashe fitilar kyamara, a riƙe wayar daidai samanta ba a karkace ba. Kwafin shi za a yi wa laminatin a raba. Ta asalin a sa ta tsakanin fararen takardu biyu, a kwance ba a naɗe ba, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara, nesa da bangon da ke jan danshi. Wajen mai da ita boko, a ba malamai biyu su karanta daban-daban, layi bayan layi, domin inda wasali ya goge suna ɗaya na iya karantuwa iri biyu. Inda suka saɓa, a rubuta karatun duka biyun a ƙarƙashin hoton layin.